Hawayen Kwamfuta

Litinin, 3 ga Maris
Ranata ta farko a kujerar darakta. Shekara goma sha bakwai ina ɗaki mai duhu ina zuba wa finafinan mutane ruwan sama da gobara a kwamfuta, yau ga ni da nawa fim. Kowa sai "ranka ya daɗe". Abincin rana a mota na ci, ni kaɗai.

Laraba, 5 ga Maris
Na leƙa tsohon ofis. Ina shiga dariya ta ɗauke, har wani ya miƙe ya ba ni kujera. Kujerata ce fa ta da. Ban jima ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na tafka ta. Dattijuwar da ke fitowa a uwa, wadda kowa ke kira Inna, sau tara muna ɗaukar wurin da ake gaya mata rasuwar ɗanta, hawaye ya ƙi zuwa. Idona na kan ƙaramin allo, ko ɗagowa ban yi ba, na ce kar ta wahalar da kanta, zan ɗiga mata a kwamfuta. Wallahi taimako na nufa. Ta ɗauki jakarta. "Ɗan nan, tunda kana da hawaye, sai ka zana uwar ma."
In ba ta dawo ba babu fim. Rabinsa ita ce.

Asabar, 8 ga Maris
Ba ta ɗaga waya. Mai kyamara ya ce tun da muka fara ban kalli fuskar kowa ba sai ta allo. Na ji haushi, don gaskiya ne.
Na gwada a hotonta. Ɗigo biyu, haske daidai. Kamar an yayyafa wa 'yar tsana ruwa.

Litinin, 10 ga Maris
Na je gidanta. Sai da ta shanya ni a tsaye, sannan ta tambaye ni wa na taɓa rasawa. Na ce mahaifiyata. Ina can ina haɗa guguwar wani fim, na iso an riga an kai ta makwancinta. Ban taɓa gaya wa kowa ba.
"Gobe ka zauna inda zan gan ka," in ji ta.

Talata, 11 ga Maris
Na juya allon ya kalli bango, na durƙusa gefen kyamara. Ɗauka ɗaya ta isa.
Da yamma mai haɗa sauti ya kira, wai ana jin shessheƙar wani daga bayan kyamara, a goge? Aikin minti biyar ne, ni na sani.
Na ce mura ce. Na ce a bar shi tukuna.