Doyar da Na Tono wa Lauratu

Litinin, 7 ga Oktoba
Ni ce Inno, ta marigayi Maiwada. Maƙwabciyata Kudirat mai robobi ke rubuta mini, ni ban yi boko ba. Yadda na faɗa za ki sa, Kudi, ban da gyara.
Lauratu matar ɗana Zubair tana kwance asibiti a Funtua tun jiya. Amai, jiri, harshe ya yi nauyi. Wai doyar dajin da na dafa mata don ciwon gwiwa ce. Shekara arba'in ina bai wa mutane, ko tari wani bai taɓa yi ba. Rabin ludayi na ce. Na san halinta, kofi guda ta kwankwaɗa.

Laraba, 9 ga Oktoba
Zubair ya zo, ko zama bai yi ba. "Inna, don Allah ki bar tone-tonen nan." Na ce da tone-tonen aka raine ka, da ƙaton kanka.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Masu zuwa karɓar magani yanzu ta bayan gidana suke zagayawa su wuce. Su je.

Lahadi, 13 ga Oktoba
An sallamo Lauratu. Ta rantse rabin ludayi ta sha. Har da wai "Inna, ban riƙe ki ba." Riƙe ni da me? Me na yi?

Talata, 15 ga Oktoba
Na ja Kudi gona, hanyar Mahuta, ta zama shaida. Doyar magani ganyenta ɗaya ne, faffaɗa. Mai dafin uku-uku. Ga ramin da na tona gindin kanya, ga igiyar tana reto. Na ce ƙirga.
"Iya, uku ne."
Na ce ƙarya kike. Ta kama yatsana ta bi da shi. Ashe igiya biyu ne suka nannaɗe ice ɗaya, ta magani da mai dafi. Ni duk kore ɗaya nake gani.
Kar ki rubuta wannan.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Sauran maganin tukunya na haƙa rami na binne, kar awaki su sha. Na dama wa Lauratu kunun gyaɗa, na kai da ƙafata. Ta shanye tas, ko shinshinawa ba ta yi ba.
Kudi, ki ce wa Zubair ran Asabar ya biyo da mashin ya kai ni wurin masu duba ido. Ba wani abu ba ne. Ƙaiƙayi kawai.