Kwanon Gidan Alhaji Mani

Ƙanƙara,
11 ga Oktoba, 1976.

Zuwa ga aminina Malam Abdulƙarim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma aikin gwamnati bai tsotse ka ba. Yaya Kaduna? Mu nan sai godiya, dawa ta yi kai, auduga ta fara fashewa.

Na je Zariya wajen likitan da ka yi mani kwatance, na kai mashi ɗiyata Larai. Ka san halin da take ciki tun bara. Jiki ya tashi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar zugazugin maƙeri ya huje. Rubutu ta sha, hayaƙi an yi mata, allura kuwa har ta daina kuka in ta ga an ɗauko.

Ni na shiga da niyyar a rubuta mani magani mafi tsada, don ka san yanzu abin da ake saye ba ya gagarata. Sai bawan Allahn nan ya aje alƙalami, ya hau tambayata abin da muke ci a gida. Na gyara zama na zayyana mashi: lemon kwalba akwati-akwati, alewa mai launi, madara da kifi da tumatir na gwangwani, ga dunƙulen nan na kanti da ake jefawa a miya. Na ce mashi ni na tashi da kunu ba sukari, na rantse 'ya'yana ba za su san wannan ba. Ya yi murmushi, ya ce mai yiwuwa cikin waɗannan akwai abin da jikin yarinyar ba ya so, launi ne ko maganin da ake sawa don kada abu ya lalace. Ya ce a janye duka, a koma abin da ƙasa ta ba mu, sai jiki ya lafa, sannan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a kama ɓarawon.

Da farko raina ya ɓaci. Amma kafin mu iso Funtuwa na gane zancen. Ai haka muke yi wa mota in tana tari, a cire fulogi ɗai-ɗai har a gano wanda ya mutu. Kun daɗe kuna yi mani dariya don na bar sakandare a aji uku na bi mota, to ga ranar karatun tasha ta zo.

Ina isa gida na sa aka kwashe komai aka mayar kantina na kasuwa. Na ce wa matata Safara'u ba za a ware yarinya ita kaɗai tana kallon bakin mutane ba, gidan duka za a yi, har ni. Daddawa na aika a sayo a Ruwan Godiya wajen Tabita matar Ɗanhausa, wadda duk ƙasar Faskari ba mai irin hannunta. Man shanu daga Sabuwa, direbana ke tahowa da shi. Kuka da kuɓewa da kauɗar tumatir kuwa ga su nan a bayan gida.

Mutanen gari har sun fara. Wai an daina ganin akwatunan lemo suna shiga gidan Alhaji Zailani, ko dai lafiya? Su yi ta yi. Motocina huɗu suna kan hanya.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Alhaji Zailani 'Yargoje.


Ƙanƙara,
20 ga Nuwamba, 1976.

Aminina Malam Abdulƙarim,

Sallama irin ta Musulunci, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na ga amsarka, na kuma ga tsiyar da ka yi mani, wai mai kantin gwangwani ya koma miyar kuka. Allah ya shirye ka.

Bari ka ji abin mamaki. Ashe ba Larai kaɗai ba ce. Ƙanenta Gide, wanda muke cewa ƙiriniya ce ta yi mashi yawa, ba ya zama wuri ɗaya kuma kullum cikin susa, yanzu ya natsu, har malaminsu na allo ya tambaya ko an yi mashi wani taimako ne. Ni kaina ciwon kan nan da nake ɗora wa hayaƙin mota, na neme shi na rasa.

Larai ce ta ɗaure mana kai. Sai ta yi garau, mu fara murna, sai abin ya dawo. Na binciki madafa kamar ɗan doka, har cikin tukwane na leƙa, ban sami komai ba. Safara'u ce ta lura da wani abu. Ta ce duk sanda na yi tafiya Legas ɗauko siminti yarinya lafiya lau take, ina dawowa sai jiki ya tashi. Har da ce mani, to Alhaji, tunda ɗai-ɗai ake cirewa, da alama kai ne saura. Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mani a rai.

Da magariba ina zaure aka kawo kwanon ciyayya daga gidan Alhaji Mani. Ka tuna shi, ubangidana, wanda ya ɗauke ni karen mota lokacin da mahaifina ya rasu, ya koya mani tuƙi, ya tsaya mani har na sayi motata ta farko. Tun ranar da aka kawo mani Safara'u muke ciyayya da gidansa, kwanonmu ya je, nasu ya zo, ko ana ruwan ƙanƙara. Na buɗe, na ci abin da zan ci, na ƙwala wa Larai kira kamar kullum don ta ɗauki ragowa. Tun tana rarrafe ita ke cin ragowata, ba wanda ke taɓa mata. Hannuna na kan kwanon na tsaya cak. Miya ja wur, sai ƙanshin dunƙule ke tashi. Ni loma kaɗan nake yi don albarka, ita ke sharce miyar. In ba na gari kuwa, almajiran ƙofar gida da direbobi ake miƙa wa kwanon.

Abdulƙarim, ka san wa ke kai wa gidan nan tumatirin gwangwani da dunƙule? Ni ne. Duk ƙarshen wata nake aika masu kwali guda don kyautatawa. Kayana ne ke zagayowa su dawo mani a kwano.

To yanzu ka faɗa mani, da wane baki zan je in ce wa Hajiya Mero matar Alhaji Mani, wadda ta wanke mani kaya ina yaro, miyarta ce ke kwantar da ɗiyata? A garin nan kafin maganar ta kai bakin kasuwa ta zama na ce an yi mata sammu. Mayar da kwano ba a taɓa ba kuwa, gara ka zagi mutum a masallaci.

Amma ni ba a banza na kai inda na kai ba. Na yi dabara biyu, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Wannan watan maimakon kwali na aika masu daddawar Tabita da ƙwaryar man shanu da buhun kauɗa. Sannan na daina ba Larai ragowa. Wannan ta biyun ce ta yi mani zafi. Ta tsaya bakin zaure tana kallona ina miƙa wa direba kwanon, sannan ta juya. Amma jiki ya yi kyau, fata sumul.

Allah ya kai mu Babbar Salla lafiya.

Amininka,
Zailani.


Ƙanƙara,
9 ga Disamba, 1976.

Malam Abdulƙarim,

Barka da Salla, da fatan an yi layya lafiya, Allah ya maimaita mana.

Dabarar da na yi maka alfahari da ita ta kusa ci mani yarinya.

Ashe da Alhaji Mani ya ga daddawa da kauɗa a maimakon kwali, sai ya haɗa da zancen da ke yawo a gari, ya yanke cewa na karye, kunya ce ta hana ni faɗi. Tsoho ya ce shi kuwa jikokinsa ba za su yi Salla a bushe ba. Ya aika har Funtuwa aka sayo akwatin lemo da alewa. Washegarin Salla Larai ta je gaishe su cikin sabuwar atamfarta, Hajiya Mero da hannunta ta buɗe kwalba ta miƙa mata, ta cika mata gefen zane da alewa. Yarinya ta san an hana ta. Amma ni na koya mata ba a mayar da hannun babba. Ta durƙusa ta karɓa, ta shanye.

Kafin la'asar a kafaɗa aka shigo mani da ita. Ido ya rufe don kumburi, numfashi sai ka kasa kunne. Ni na ja mota da kaina zuwa asibitin Malumfashi, kuma tun da nake tuƙi ban taɓa bin hanyar nan haka ba. Safara'u na baya tana riƙe da kanta tana kiran sunan Allah. Suka yi mata allura, Allah ya sa da sauran kwana. Yanzu tana gida, tana shan kunun gyaɗa.

Da muka dawo ban ko sauya riga ba na wuce gidan Alhaji Mani. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na tsuguna inda nake tsugunawa ina karen mota, na faɗa mashi komai, tun daga likitan Zariya har kwanon ciyayya. Na ce ba miyar Hajiya ba ce, kayan da ni na aiko ne.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, ashe Zailani ka yi girman da za ka ɓoye mani ciwon jikata, ka bar ni in ba ta da hannuna? Ya ce har ya fara neman mai sayen gonarsa ta 'Yargoje don ya tallafe ni, ashe ni ina nan ina yi mashi wayon 'yan tasha. Hajiya Mero tana bayan labule, na ji ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Tun ranar kwanonmu na zuwa, ana karɓa. Nasu bai zo ba. Da magariba nakan zauna a zaure ina duban ƙofa kamar mai jiran baƙo. Ban yi nadamar faɗi ba, don ran ɗiyata ya fi kunyata. Amma abin na ci na.

Ka sa mu a addu'a.

Naka,
Zailani.


Ƙanƙara,
6 ga Maris, 1977.

Zuwa ga aminina, kuma ɗan ajinmu, Malam Abdulƙarim,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya. Yaya zafi? Na ji an ƙara maka girma a ofis, Allah ya sanya albarka, ya sa kujerar ta ɗauki tumbin. Jigilar auduga ce ta hana ni rubutu, yau na sami kaina.

Mun gama gwajin da likita ya ce. Ɗai-ɗai muka riƙa mayarwa, a ba jiki lokaci a gani. Madarar gwangwani ba ta yi wa kowa komai ba, haka burodi, haka kifi. Lemo da alewa mai launi su ne manyan abokan gabar Larai, sai dunƙule da tumatirin gwangwani. Gide lemo kaɗai ke tayar mashi. Ni kuwa ranar da aka gwada dunƙule na wuni da rawani ɗaure a goshi. Kanti na nan ina sayarwa, don ba kowa abin ke yi wa illa ba, amma duk uwar da ta zo tana kukan ɗanta na susa sai na zaunar da ita na yi mata darasin fulogi. Har sun sa mani suna Likitan Tasha. Ban hana ba.

Na san ba wannan kake jira ba.

Kwanon ya zo. Ashe Hajiya Mero ba fushi ta yi ba, kunya ce ta kama ta, ta ce ba za ta ƙara aiko da komai ba sai ta tabbata. Ta sa aka sauke tukwanen da ta saba miya a ciki, ta aika Faskari aka kawo mata sabuwar tukunyar ƙasa. Ta kira Safara'u ta zaunar da ita, ta tambaye ta abin da aka hana da wanda ba a hana ba, tana yi mata faɗa wai ita ma bakinta ɗaya da mijinta. Ran nan da magariba sai ga Alhaji Mani da kansa, da sandarsa, jikarsa na biye da shi ɗauke da kwano. Tsohon da bai taɓa rako kwano ba. Ya zauna a zaurena ya ce buɗe, ɗan nema, ka gani ko da sammu.

Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa busassa, ta ji daddawa da man shanu. Muka sa hannu tare. Yana ci yana mita, wai tun da na yi arziki na hana shi cin miyar kirki, ya yi shiru ne kawai don kada in ce ya raina kyautata.

Da muka ƙoshi na ɗaga murya na kira Larai. Ta zo ta tsaya bakin zaure, nan inda ta tsaya ranar da na miƙa wa direba rabonta. Ta dubi kwanon, ta dube ni. Na tura mata shi. Ta durƙusa ta ɗauka da hannu biyu, ta zauna nan kusa da ƙafata ta sharce shi tas, har tana lashe yatsa. Da safe na duba fuskarta da hannuwanta, ko ɗigon ƙurji babu. Jiya ma na hango ta tana tsere da Gide daga bakin rijiya har gida, ita ta riga shi, ta iso tana dariya, numfashi lafiya lau.

Ka san na sayi motoci, na gina gidan siminti, na je Makka. Duk ban taɓa jin na isa mutum ba kamar ranar da na tura kwanon nan.

In ka shiga Zariya ka gaida likita, ka ce mashi karen mota ya gano fulogin. Kai kuma ka taho hutun nan da yara. Lemo dai babu, kada ka ce ban faɗa maka ba. Akwai zoɓo da kunun tsamiya, ga ragowar kwanon Hajiya Mero in Larai ta yarda ta sam maka, ko da yake ban yi maka alkawari ba.

Safara'u na gaida uwargida. Wassalam.

Amininka na har abada,
Alhaji Zailani 'Yargoje.