Farar Riga Ta Goma

Tandabawi, Makka
4 ga Rajab

Ƙanena Hatim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da mutanen Kano. Yaya tarin nan, ya sake ka? Mu nan alhamdu lillahi, sai kewarka. Takarda na zaɓa don in na ɗauki waya Baba yana gefena, ga shi akwai abin da ba zan faɗa a gabansa ba.

Rakan ɗan baffanmu Ammi Hamad ya dawo daga Amurka da sabon hauka, wai besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da gora. Da ƙafarsa ya zo shago. Kai ma ka san rabon da wani daga gidansu na unguwar Rusaifa ya taka shagon nan. Zai haɗa wasan dangi a istiraha, gidan shaƙatawa mai fili, kuma kayan 'yan wasan farko yake so, irin na shekara ɗari da hamsin da suka wuce: riguna farare goma, ruwan toka tara. Kowane ɓangare mutum tara ne, shi ya sa Baba ya tambayi ta goman. Rakan ya yi murmushi, ya ce ta wani dogo ce da ke hanya.

Shi ke nan fa! Baba ya gama yarda kai ne. Ya yi wa Rakan maganar kamfaninsa ya zame maka kafili, wato ya tsaya maka a biza, ka dawo garin da aka haife ka. Rakan ya ce in sha Allah, bayan wasa. Baba ya rantse ba zai karɓi ko riyal ɗaya na ɗinkin ba.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Kaka guda ya haifi Baba da Ammi Hamad, amma don an haifi Baba a Sudan kan hanyar hajji, su 'yan ƙasa ne, mu kuwa da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, muke zaune, taka ma ta mutu kana wajen karatu. Shekara uku ke nan ba wanda ya tambaye mu kai.

Ka ci abinci, ka daina ramar nan.

Yayarka,
Kabira

Tandabawi, Makka
29 ga Rajab

Ƙanena Hatim,

Bayan sallama da fatan alheri, yaya jiki, yaya zaman haƙuri? Baba yana gaishe ka, in dai gaisuwar mutumin da bai ɗago kai daga keken ɗinki ba gaisuwa ce.

Wallahi ubanka ya zama malamin besbol. Rakan ya bar masa littafin hotuna, ni ke karanta masa rubutun, shi kuma ya kafa tabarau yana bin ɗinkin da yatsa. Wai ƙungiyar farko farar riga suka sa da shuɗin wandon ulu da malafa. Malafa, Hatim, kamar masu zuwa gona! Daga baya wasu suka gajarta wando iya gwiwa don a ga jan safarsu, har safar ta zama sunan ƙungiya. Akwai shekarar da aka ba kowane ɗan wasa launin rigarsa daban, gwargwadon inda yake tsayawa a fili, 'yan kallo suka yi ta yi musu dariya, ba a kai ƙarshen shekara ba aka watsar. Baba ya ce maɗinkin ne ya ba shi tausayi.

Rigunan masu kwala ne, da igiya a ƙirji maimakon maɓalli. Rakan ya aiko da yadi: fari na auduga mara nauyi, ruwan toka kuwa ulu mai kauri, wai don a bi tarihi. Tarihin bai shafi fararen ba ke nan?

Na karanta wa Baba wani shafi da ya tsaya mini a rai. Fari na 'yan gida ne, ruwan toka na baƙi, an ce don matafiya ba su samun wanki, launin yana ɓoye datti. Na dube shi, ya ce in juya shafi.

Ta goman ya bari ƙarshe. Ya fito da tsohon awonka, ya ƙara wa hannu tsawo yadda kake so, ya yi igiyar da hannunsa. Sau biyu yana warware kwalar. Ta ciki, inda ba mai gani, ya ɗinka sunanka da farin zare.

Ka yi addu'a, amma kada ka haɗa kaya tukuna.

Yayarka,
Kabira

Tandabawi, Makka
22 ga Sha'aban

Ƙanena Hatim,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Baba ya ce in rubuta maka cewa maganar biza tana tafiya. Ba zan rubuta ba, ƙarya ce.

An yi wasan ranar Juma'a bayan la'asar. Mu mata muna kallo ta tagar ɓangarenmu. Rakan ya tsaya da takarda yana kiran suna. Duk mai katin ɗan ƙasa ya karɓi fari. Mijina da 'yan uwanmu da suka zo ta Chadi, duk masu iƙama, ruwan toka. Sannan ya yi musu darasi da Larabci, da murya sama, har da bayanin dattin. Aka yi dariya. Ammi Hamad ma ya yi, na ga haƙoransa.

Baba yana riƙe da ta goman a leda, yana ta kallon ƙofa, wai ko an shirya masa ba-zata ne. Sai ga Talal, wan matar Rakan, daga Jidda. Shi ne dogon da ke hanya. Ya sa rigarka, hannun ya wuce yatsunsa, ya riƙa kaɗa shi yana tambayar wane makaho ne ya auna. Rakan ya nuna Baba, ya ce baffan nasa ya tsufa, a yi masa uzuri.

Baƙi sun kasa cika tara, sai Rakan ya miƙa wa Baba ruwan toka ta ƙarshe, ya ce da ma gurbinka ce, tunda kana waje ubanka ya tsaya maka. Mutum mai shekara sittin da takwas, Hatim, da wando iya gwiwa, cikin ulu, a ƙarshen fili! Ya sa. Ya tsaya har aka tashi, gumi ya mayar da rigar baƙa. Na so in fita in yi rashin mutunci, Allah ya sani, amma kai na tuna na zauna.

Da aka gama, Baba ya je ya tuna masa alkawari. Rakan ya dafa kafaɗarsa, ya ce kamfani ba ya ɗaukar baƙi bana, amma ruwan tokar da Baba ya sa kyauta ce, a aika maka.

Hoton da suka rataye a majalisin Ammi Hamad, ɗakin baƙinsa, na fararen ne kaɗai. Baba ya je ya gani, ya dawo ya ce mini kwalar ta zauna da kyau.

Ga ƙunshi nan tare da takardar. Na so in jefa rigar a shara, Baba ya hana. Shi ya wanke ta, ya goge ta da kansa, ya sake mata hannu daidai tsawonka. Sunanka kuwa ya tafi Jidda a wuyan Talal. Da Baba yake naɗe ruwan tokar ya ce in gaya maka ka riƙa sa ta, ba ta nuna datti, za ta daɗe maka a can.

Allah ya sa mu gana, ko ba a Makka ba.

Yayarka mai ƙaunarka,
Kabira Awwalu