Na Ce wa Mata Babu Mai Ganin Lambarsu, Aminiyata Ta Duba

Assalamu alaikum Anti, ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, masu zagi kuma ku sassauta mini, wallahi abin da ke cina a rai ya ishe ni.

Ni ungozoma ce, a Gyaɗi-Gyaɗi nake zaune. Tambayoyin mata sun yi mini yawa a waya, wannan al'adarta ta rikice, waccan ciki ya ƙi zama, sai na yanke shawarar buɗe shafin intanet inda mace za ta yi rajista, ta riƙa biyan ɗan wani abu duk wata, ta yi tambaya da sunan da ta ga dama, ni kuma in amsa. Na jawo aminiyata, bari in kira ta Hajara, don ta fi ni sanin kwamfuta. Tun makarantar kwana muke tare, ɗakina ɗakinta ne. Wa zan jawo in ba ita ba?

Muka je Tarauni wajen wani Emeka mai haɗa shafuka. Ya ce akwai 'yar manhaja da ake maƙala wa shafi, fulogin suke ce mata, ita ke tsare ƙofa, wadda ba ta biya ba ba ta shiga. Ya nuna mana guda biyu. Ta farko da imel ake rajista, kuma ana iya saita ta yadda ko mu masu shafin ba za mu san mai tambaya ba. Ta biyu da lambar waya ake shiga, biya ma ya fi sauƙi, amma duk mai riƙe da shafin in ya danna tambaya zai ga lambar mai ita. Ya ce, "Hajiya, ku zaɓa, kowacce da amfaninta." Caraf Hajara ta ce, "Ke, matanmu ina su ina imel? Ɗauki mai lambar waya kawai, ni da ke ne fa." Na yarda. Ga inda nake jin kunya: a fuskar shafin, da hannuna na rubuta cewa ko mu ba ma ganin ko wace ce. Na san ba haka ba ne. Na ce a raina ai ni ba zan taɓa dannawa ba, to mene ne a ciki?

Ana nan, ƙanen Hajara ya nemi wata yarinya a Unguwar Gano. An kai gaisuwa, iyaye suna ɗan binciken da aka saba, kwatsam sai na ji an fasa. Rannan Hajara tana ɗakina muna cin ɗanwake na tambaye ta dalili, ta ce, "Allah ne ya rufa mana asiri, yarinyar fa likita ya ce mata haihuwa sai an yi da gaske." Na ce a ina kika ji? Wallahi dariya ta yi. Ta ce lambar yarinyar tana wayarta saboda maganar lefe, sai ta sa ta a shafinmu ta duba ko za ta dace, ta kuwa dace. Innalillahi! Na tuna tambayar sarai, ni na amsa ta. Na ce mata matsalar tana da magani, mata da yawa masu irinta na karɓi haihuwarsu. Wannan ɓangaren Hajara ba ta kai gida ba.

Na ce, "Hajara, amana ce fa!" Ta ce, "Ƙanena ne, so kike in zuba ido? Bincike kowa yana yi." Na ce sai na tona mata asiri. Ta ajiye cokali ta ɗauki mayafinta, ta ce, "Ke kika rubuta ba a gani, ba ni ba. In kin tona, kanki kika tona." Wai ni Hajara take faɗa wa haka? Ashe tun a shagon Emeka ta san amfanin abin da ta sa na zaɓa? Mata nawa ta leƙa kafin wannan? Ban sani ba, kuma rashin sanin yana hana ni cin abinci.

Na cire ta daga shafin, Emeka ya canza mini zuwa ɗaya fulogin ɗin, ban faɗa wa kowa dalili ba. Na ɗauka shi ke nan. Sai shekaranjiya yarinyar ta sake rubutowa da sunan nan nata na shafi. Ta ce, "Anti, sun fasa, kuma maganar rashin lafiyata suka ji. Duk duniya yayata kaɗai na faɗa wa, sai nan da na san ba a ganina. Na daina yi mata magana, tana ta kuka tana rantsuwa, har Mama ta sa baki. Anti, yaya ake yafe wa 'yar'uwar da ta yi maka haka?"

Har yanzu ban amsa ba. In na faɗi gaskiya, maganar za ta bazu, duk macen da ta taɓa buɗe mini cikinta hankalinta zai tashi, wataƙila har wurin aikina ta kai. In na yi shiru, wata baiwar Allah tana can tana rantsuwa a gidansu kan abin da ba ta yi ba, ƙanwarta kuma ni take jira in koya mata yafiya.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?