Amanar Halti Ni'mat

Asabar, 6 ga Mayu, 2023

Sati uku ke nan da Muzammil ya tafi aiki Soba, can kudancin Khartum, da safen ranar da aka fara harbin yaƙin nan. Yayana ne, shi kaɗai gare ni. Sau biyu ya kira a satin farko. Abu na ƙarshe da ya ce da ni: "Suhaila, tara na bar miki, tara za ki ba ni." Kifayensa yake nufi. Na ce to. Kunya ta hana ni cewa ya kula da kansa.

Suna nan a akwatin gilashi a falo, shida irin da ake kira gobi masu faffaɗan wutsiya, uku irin moli baƙaƙe. Duk ba su kai ɗan yatsana ba.

Litinin, 8 ga Mayu

Babu wuta a Omdurman, aƙalla unguwarmu. Ƙaramar sola ɗaya gare mu, mai bakin caji guda ɗaya. Da safe nakan sa wayar Yumma, mahaifiyarmu, ta sha caji, ko Muzammil zai kira. Bayan azahar in cire in sa injin da ke hura wa kifi iska. Haka na raba musu ranar.

Alhamis, 11 ga Mayu

Halti Ni'mat, maƙwabciyarmu da muke ɗauka kamar inna, za ta tafi garin Shandi da jikokinta. Ta shigo da babbar tukunyar girki a rungume, ruwa na zuba a tobin da ta lulluɓa da shi. A ciki akwai kifin marigayi mijinta, irin da ake kira oskar, ya kai tafin hannun Yumma, baƙi da ɗigon ja.

Ta ce, "Ya bitti, 'yata, ke ce kika san su. Amana ce."

Na san abin da ke rubuce a takardar da Muzammil ya manna a jikin gilashi, na haddace shi fiye da darasin bayoloji. Moli da gobi suna zama tare. Mai cizon wutsiya ba ya zama da mai doguwar wutsiya. Layi na ƙarshe ya ja masa jan biro: kafin ki haɗa kifi biyu, dubi bakin babban.

Na dubi bakin. Na buɗe nawa in yi magana, Yumma ta riga ni: "Ajiye shi, Ni'mat. Ai gidanki ne." Halti ta sumbaci goshina tana kuka. Na karɓi tukunyar. Ni kullum haka.

Juma'a, 12 ga Mayu

Na sa shi a bahon wanki, shi kaɗai.

Litinin, 15 ga Mayu

Ruwan famfo ya ɗauke gaba ɗaya. Mai amalanken jaki yana kawo na kogi, ja da laka, sai ya kwana biyu ya kwanta kafin in zuba wa kifi. Bahon ya yi zafi, oskar ya kwanta a gefe yana buɗe baki a saman ruwa. Yumma ta tsaya a kansa.

"Sa shi wurin iska."

Na ce zai cinye su.

"Ki ba shi abinci ya ƙoshi mana. Wane baƙo ne ke cin masu gida?"

Na ce ba yunwa ba ce, halinsa ne, Muzammil ya rubuta.

"Namu namu ne, ko sun mutu babu mai tambayarmu. Wannan matar za ta dawo ta tambaya. Da wane ido zan kalle ta?"

Na so in ce Muzammil ma zai dawo ya tambaya. Ta juya ta shiga madafa da sauri, kamar ta ji abin da ban faɗa ba.

Na yanko wayar sauro daga tagar bayi, na raba akwatin biyu, na danne da duwatsu. Shi a hagu, su a dama.

Laraba, 17 ga Mayu

Tara. Yana tsayawa a jikin wayar yana kallonsu duk yini.

Abincin gwangwani ya ƙare. Ina murza musu gwaiduwar ƙwai idan an samu, ko ɓawon burodi. Shi nakan tono masa tana a gindin randa.

Lahadi, 21 ga Mayu

Wajen la'asar wani abu ya faɗi kusa da kasuwa. Gidan ya girgiza, ƙofar falo ta buɗe da kanta. Mun daɗe kwance a ƙarƙashin gado. Da na fito, wayar sauron ta karkace.

Biyar. Na ƙirga sau huɗu. Wani guntun wutsiya mai ruwan lemo yana yawo a saman ruwa.

Na zage shi da abin da ban taɓa furtawa ba. Na ɗauko ludayi, wallahi na yi niyyar jefa shi tsakar gida ga kyanwa. Yumma tana bakin ƙofa. Ba ta hana ni ba. Ta ce kawai, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya bitti." Na ajiye ludayin.

Talata, 23 ga Mayu

Na kwashe biyar ɗin na sa a kwalbar zaitun. Yanzu injin iska ma sai na raba, sa'a ɗaya kwalba, sa'a ɗaya akwati.

Arwa, ƙawata ta aji, ta turo saƙo daga garin Madani: an ɗage jarrabawar shahada ta kammala sakandare, ba a sa rana ba. Ta tambayi labarin Muzammil. Na rubuta mata cewa kifayensa suna lafiya.

Asabar, 27 ga Mayu

Moli biyu sun mutu. Kwalbar ta yi musu ƙanƙanta, ruwan yana wari kafin yamma. Wannan ba shi ya ci su ba, ni ce. Na binne su a gindin lemon tsami.

Talata, 30 ga Mayu

Wani da ya tsallako daga Khartum ya ce ya ga mai kama da Muzammil a unguwar Mayo. Da Yumma ta matsa masa, sai ya ce wancan yana da gemu, kuma dogo ne. Ta ba shi shayi duk da haka.

Saura biyu.

Juma'a, 2 ga Yuni

Na lura oskar ya san ni. Idan Yumma ta wuce ba ya motsi, idan ni ce sai ya taso yana kaɗa jiki. Yau ya karɓi tana daga yatsana. Ban ji daɗi ba. Ina ganin ban ji ba.

Alhamis, 8 ga Yuni

Ta ƙarshe ta mutu da hantsi, gobi mace mai wutsiya shuɗiya. Na wanke kwalbar na mayar madafa. Na cire wayar sauron na maida ta tagar bayi.

Na yi ta shirya abin da zan gaya wa Muzammil. Gidan ya girgiza, wayar sauron ta zame, babu ruwa. Duk gaskiya ne. Amma ranar da Halti ta shigo da tukunyarta na san komai, kuma na yi shiru.

Lahadi, 11 ga Yuni

Zafi ya yi tsanani, kifi babba yana buƙatar iska fiye da ƙanana, wannan a kowane littafi yake. Shi ya sa jiya da yau na bar injin a jikin sola tun safe har rana ta faɗi. Ba wani dalili.

Wayar salular tana kan tebur a mace. Yumma ta ɗauke ta ɗazu, ta danna, ta dubi igiyar da ke tafiya zuwa akwatin. Na jira ta ce in cire. Ta goge fuskar wayar da gefen tobinta, ta sa ta a aljihun tebur, ta tambaye ni ko oskar ya ci abinci.

Na ce ya ci.