Gilasan da Am Lotfi Ya Rufe wa Suna

Litinin, 6 ga Fabrairu
Shekara uku ina ƙirga matattun ƙwayoyin cutar daji da ido, ina danna 'yar na'urar ƙirge har babban yatsana ya yi kanta. Yau Dakta Jalila, mai duba aikin digirina, ta sa na loda hotunan ƙwayoyin cikin sabuwar manhajar ƙirge. Aikin wata guda ta cinye shi a minti huɗu. Ko shayina bai huce ba.

Laraba, 8 ga Fabrairu
Wai ruwan ganyen zaitun bai kashe komai ba. Ni na samu rabin ƙwayoyin sun mutu, manhajar ta ce bambancinsu da waɗanda ba a zuba wa ruwan ba bai taka kara ya karya ba. Ƙarya take. A watan Yuni zan kare aikin nan, ga Baba ya gama shelanta wa mutanen garinmu Sfax cewa ganyen gonarsa na maganin daji.

Alhamis, 9 ga Fabrairu
Sau tara ina sauya saiti. Amsa ɗaya.

Juma'a, 10 ga Fabrairu
Am Lotfi, dattijon ɗakin gwajinmu, ya gaji da tsakina. Ya liƙe sunayen gilasai ashirin masu ɗauke da ƙwayoyin da salatif, ya cakuɗa su. "Ƙirga, 'yata. Yanzu ba ki san na gonar babanki ba." Na ce zargina yake yi? Ya ce, "Ni? Wa ya isa! Idon ne, shi ma yana da dangi."

Talata, 14 ga Fabrairu
Na ƙirga. Ya zo daidai da na manhajar. Ashe ƙwaya in ta ɗan yamutse a gilashin zaitun sai in ce ta mutu, a wanda ba zaitun kuwa in ce da sauranta. Na kulle kaina a banɗaki na sha kuka. Kunyar ta fi baƙin cikin ciwo.

Alhamis, 16 ga Fabrairu
Na faɗa wa Dakta. Ta ce, "Wided, abin nan yana auna girman ƙwayoyin ma. Kin duba?" Ina na duba, ina ta faɗa da shi. Muka buɗe tare. Ƙwayoyin ba su mutu ba, amma sun ƙanƙance, a kowane gilashin zaitun. Ta ce sakamakon ƙarami ne, amma zai tsaya gaban kowa, kuma Yuni na nan.

Litinin, 20 ga Fabrairu
Na goge "kashewa" daga taken aikina. Na daɗe da yatsa a kan maɓallin. Ba zan gaya wa kowa ba, amma sabon taken ina iya faɗarsa ba tare da gabana ya faɗi ba.