Ƙayar da ka dasa a iyakar fadama

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahama.

Na zo maka da ƙara ne. Baffa Sale, ƙaninka, ya cinye gefen fadamarmu ta Guri, inda Inna take samun tattasan da take riƙe gida da shi.

Ka tuna ƙayar nan mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu, wadda ka dasa a iyakarku da Baffa? Kai kake fere mini jajayen 'ya'yanta, kana cewa, "A hankali, Hadiza, ƙananan ƙayoyin sun fi manyan mugunta."

Ambaliyar bara ta share kunyoyi da turaku, ƙayar kaɗai ta tsaya shaidar iyaka. Baffa ya ce ba shuka ba ce, ƙyarana ce ta daji, ta fito da kanta. Da magana ta kai gaban mai unguwa, ya sa aka kira ni, tunda ni ce ka tura karatun tsirrai.

Na karya ganye ɗaya a gabansu. Ƙyarana tana zubar da farin ruwa mai makantarwa, wannan kuwa ba ta yi. Na ce ba danginsu ɗaya ba, wannan ma ba 'yar ƙasar nan ba ce, daga ƙetaren teku kakanninta suka zo, sai an kawo ta.

Sai Baffa ya tambaya ko ruwa zai iya kawo ta. Baba, an sa ni na rantse. Na ce zai iya, ganyenta duk inda ya faɗi yana kama ƙasa. A nan aka tashi. Da bakina, da karatun da ka sha rana ka biya, aka karɓe wa Inna gona. 

Ban yafe wa Baffa ba. Washegari ya sassare ƙayar da adda, ya watsar a cikin gonar. Bai kula da ƙarshen bayanina ba, cewa duk inda ganyenta ya faɗi sai ya kama. Jiya na wuce, kowane yanki ya yi saiwa, tun daga tsohuwar iyaka har tsakiyar shinkafarsa. Ban ji daɗi ba, Baba, kuka na yi, don ta fi ni iya tsaya maka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya zuciyar Inna. Tawa kuma sai a hankali.

'Yarka,
Hadiza